Yadda Ake Gane Lambar Inji Da Ta Shasi Ta Bogi Da Wayar Hannu Kafin A Sayi Babur Ko Mota

Da zarar an yi girbin shinkafa da masara a Tudun Wada da Doguwa, kuɗi sun ɗan shigo hannu, abin da ke fara faɗo wa saurayi a rai shi ne babur. Sabo ya yi tsada, don haka yawanci na hannu ake nema. A yanzu kuma cinikin a waya yake farawa: wani ya ɗora hoton Boxer a WhatsApp ko Facebook, ya rubuta "lafiya lau, takardu sun cika", a yi magana ta akwatin saƙo, a haɗu a Kwanar Ɗangora ko a bakin kasuwa, a tayar da inji a ji ƙararsa, a biya. Lambar da ke jikin ƙarfen kuwa, da ƙyar ake samun mai durƙusawa ya dube ta.

Ga shi yankin hanya ce. Titin da ya taso daga Kwanar Ɗangora ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ya nufi Saminaka da Jos, Doguwa kuma ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Babur ɗin da aka ɗauke a wata jiha da asuba yana iya kwana a wata. Ranar da mai shi ya gane kayansa, ko 'yan sanda suka tare hanya suka gwada lamba da takarda, wanda aka samu da babur a hannu shi ne zai yi bayani. Babur ya tafi, kuɗin kaka sun tafi, dillalin da aka haɗu da shi a intanet ya kashe layi, ga kuma tuhumar karɓar kayan sata.

Wannan darasi a kan yadda ake karanta waɗannan lambobi ne, da kayan da ke aljihun kowa: waya, fensir, takarda, da ɗan maganaɗisu.

Lambobi biyu ne, ba ɗaya ba

Akwai lambar shasi, wadda a takardun mota ake rubuta ta da VIN. Ita ce sunan yankan abin hawa. A babur galibi tana wuyansa, wato bututun da kan babur ke juyawa a ciki. A mota ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, sannan an buga ta a ƙarfen bodi, ko dai a bangon da ya raba inji da cikin mota ko a ƙasan kujerar gaba. Sai kuma lambar inji, wadda aka buga a jikin injin kansa. A babur a duba ƙasan inji wajen giya.

Bambancin yana da muhimmanci. Inji ana canza shi, kuma ba laifi ba ne. Kullum ana sayen injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa a ɗora wa mota. Idan lambar inji ta saɓa da takarda, abin da ake nema shi ne rasit ɗin sabon injin. Amma shasi ba a canza masa suna. Lambar shasi da aka taɓa, magana ta ƙare.

Abin da masu tsofaffin motocin tsere suka gano

Babu waɗanda suka ƙware a wannan bincike kamar masu tara tsofaffin motocin tsere a Turai da Amurka, saboda a wajensu 'yan haruffan da ke jikin inji dukiya ce. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 48.4. A irin wannan kasuwa, motar da har yanzu take ɗauke da injin da ta fito da shi daga kamfani ta fi wadda aka canza wa inji daraja nesa ba kusa ba. Inda kuɗi irin wannan yake kuwa, dole a samu mai goge lamba ya buga wata. Shi ya sa kamfanin Ferrari ya buɗe sashe na musamman mai suna Ferrari Classiche, aikinsa gwada mota da bayanan da ke ajiye tun ranar da aka ƙera ta.

Misalin da ya fi amfani ga mai sayen babur shi ne na Chevrolet Corvette ta shekarun 1960. A gaban injinta akwai wani ɗan fili mai santsi inda ake buga lamba. Na'urar da ke daidaita saman injin a kamfani tana barin wasu siraran layuka miƙaƙƙu a kan filin, daga gaba zuwa baya, kamar sawun tsintsiya a rairayi. Wanda ya goge filin don ya buga sabuwar lamba, dole ya tafi da layukan, injin gugarsa kuma ya bar nasa sawun, yawanci a zagaye. Don haka ƙwararru ba sa fara karanta lambar. Filin da take kai suke fara dubawa. Har ta kai masu jabu sun koma ƙirƙirar layukan su ma, su kuma masu bincike suka koma kwatanta hoto da hotunan injinan da aka buga a mako ɗaya a kamfani ɗaya.

Dabara ta biyu ita ce kwanan wata. A jikin injin akwai ranar da aka zuba ƙarfensa, wadda ta fito a kumbure tun daga wajen narka, ba bugawa aka yi ba. Idan lambar da aka buga ta ce an haɗa injin a watan Maris, ƙarfen kuma ya ce a watan Yuni aka zuba shi, to an haifi ɗa kafin uwarsa ke nan.

Boxer ba Ferrari ba ce, amma ƙarfe ƙarfe ne. Abin da ke tona asirin mai jabu a can shi ke tona shi a nan.

Tocilar waya, amma daga gefe

A fara wanke wurin da tsumma da ɗan fetur ko kananzir, a bar shi ya bushe. Kada a kankare da wuƙa ko samfefa, domin mutum zai ɓata shaidar da ya zo nema, kuma ya bar wa kansa abin zargi. A tura babur inuwa. Sai a kunna tocilar waya a kwantar da ita kusan daidai da ƙarfen, hasken ya riƙa shafar wurin daga gefe. Kuskuren da aka fi yi shi ne haska lambar kai tsaye ko ɗaukar hoto da filasha. Hasken gaba yana cike ramuka, komai ya fito sumul. Hasken gefe kuwa yana sa kowane ɗan ƙarci ya yi inuwa. Waya biyu ake so, ɗaya ta haska, ɗaya ta ɗauka. A ɗauka daga hagu, a sake daga dama, a sake daga sama.

Abin da ake nema a hoton: shin filin lambar ya yi kama da ƙarfen da ke kewaye da shi? Jikin injin babur na alminiyam yana da ɗan kaushi irin na ƙarfen da aka zuba. Idan wajen lambar kaɗai ya yi sheƙi, ko aka ga sawun magagari, ko zagayayyun layuka, an taɓa shi. A shafa da yatsa a hankali daga nesa zuwa kan lambar. Yatsa yana jin kwarin da ido bai gani ba, domin wanda zai share tsohuwar lamba sai ya ci ƙarfen ya yi ƙasa. A ɗora gefen katin ATM a kan filin a haska ta bayansa. In haske ya ɓullo ta tsakiya, wurin ya lotsa.

A wuyan babur kuma fenti ne ke magana. Babur ɗin da ya sha turɓayar hanyar Riruwai shekara biyar, ko'ina ya koɗe, amma wuyansa baƙi wuluk kamar jiya aka fesa, akwai tambaya. A duba ko akwai walda a kewayen lambar, don wasu yanke wurin suke yi gaba ɗaya su liƙa na wani babur da ya mutu. Waldar kamfani a jere take, a mazauninta. Ta bakin titi tana da tsiro da ƙuraje. Maganaɗisu yana taimakawa a nan: a ja shi a kan ƙarfen firam ko bodin mota, inda ya saki ko ya yi rauni wataƙila an cike wurin da filar masu gyaran bodi. A jikin injin alminiyam dai ba ya kamawa ko kaɗan, kada wannan ya tsorata kowa.

Sannan a zo kan haruffan. Kamfani da na'ura yake bugawa, ko dai duka a lokaci ɗaya, ko da allurar da ke jera ɗigo-ɗigo. Zurfinsu kusan ɗaya, tazararsu ɗaya, ƙafarsu a layi ɗaya. Mai bugawa da guduma harafi bayan harafi ba zai iya haka ba: wani ya nutse, wani ya tsaya a sama, wani ya karkace, wani ya fito biyu saboda guduma ta yi tsalle. A fi zuba ido a kan lambobi shida na ƙarshe, don su ne ke bambanta wannan babur da ɗan'uwansa, kuma su ɓarawo ya fi buƙatar canzawa. Malalacin ɓarawo ma ba ya goge komai, ƙari yake yi: 3 ta koma 8, 1 ta koma 4 ko 7, 5 ta koma 6, F ta koma E, P ta koma R. Idan akwai 8 guda biyu a lambar, a faɗaɗa hoton a gwada su. Hatimi ɗaya ne ya kamata ya buge su, don haka kamanninsu ɗaya ne. Kamfanoni da yawa suna sa alamar tauraro a farko da ƙarshen lamba don kada a ƙara wani abu. In akwai a farko babu a ƙarshe, a tambayi dalili.

Sai dai a yi adalci. Ba kowace karkatacciyar lamba ce ta bogi ba, musamman a tsofaffin motoci irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, lokacin da hannun mutum ke cikin aikin sosai. Maganin wannan shakka yana tashar 'yan acaɓa. A nemi Boxer biyu ko uku masu shekaru kusa da wanda ake ciniki, a roƙi izini a ɗauki hoton wuyansu da irin hasken nan, a jera hotunan. Siffar haruffa, girmansu da mazauninsu za su nuna kansu. Abin da masu Corvette ke biyan ƙwararru su yi musu ke nan, a nan kuwa gaisuwa ce kuɗinsa.

Wata matsala daga wayar take. Kyamarorin yanzu suna gyara hoto da kansu, su goge abin da suke ɗauka datti ne, su ƙara wa gefuna kaifi, wato daidai abin da ake son gani shi suke sharewa. A kashe duk wani tace hoto da gyaran fuska, kada a zuƙo da yatsu, a matso da wayar ko a sa yanayin ɗaukar abu na kusa in tana da shi. Idan mai sayarwa ne zai turo hoton ta WhatsApp, a ce ya turo shi a matsayin fayil, domin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba manhajar tana matse shi. Wanda kuma aka roƙa ya turo hoton lamba ya yi ta kwana-kwana, ya riga ya ba da amsa. A ƙarshe a ɗora farar takarda a kan lambar a goga fensir a kwance. Tsohuwar dabara ce, amma tana fitar da zurfin bugu ba tare da wata manhaja ta sa baki ba.

Lambar da ke binciken kanta

Duk wanda ya taɓa danna *#06# ya ga IMEI mai lamba 15. Ta ƙarshen ba ado ba ce, sakamakon lissafin sauran 14 ce, don a gane in an yi kuskure. VIN ma tana da irin wannan.

Tun 1981 aka tsayar da ita a kan harafi da lamba 17, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Takardar da aka ga O a lambar shasinta, ko kuskuren mai bugawa ne ko na mai ƙirƙira. Ukun farko suna faɗin ƙasa da kamfani: J Japan ce, W Jamus, L Sin, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada. VF3 Fijo ce ta Faransa, MD2 Bajaj ce ta Indiya, MD6 kuma TVS. Boxer da lambarta ta fara da L ba ta buƙatar dogon bincike. Na goma yana nuna shekara a motocin Amurka da wasu da yawa: Y ita ce 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, haka har L 2020. Dillali ya ce 2012 ce, gurbi na goma ya ce 7, to 2007 ce aka canza wa fitilu.

Na tara shi ne mai gadin. A duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, wato yawancin Camry, Corolla, Sienna da Accord da ke shigowa, dole ya dace da lissafi. Ana mayar da haruffa lambobi: A zuwa H su ne 1 zuwa 8, J zuwa N su ne 1 zuwa 5, P 7 ce, R 9, S zuwa Z su ne 2 zuwa 9. Sai a ninka kowane gurbi da nauyinsa, a jere: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10, 0, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2. A tara duka, a raba da 11. Abin da ya saura shi ne ya kamata a gani a gurbi na tara. In 10 ya saura, X ake rubutawa.

Ga misali da lambar da aka ƙirƙira don darasi: 4T1BE32K15U123456. Takwas na farko suna ba da 32, 21, 6, 10, 20, 9, 4 da 20, jimla 122. Na tara ana ninka shi da sifili. Takwas na ƙarshe suna ba da 45, 32, 7, 12, 15, 16, 15 da 12, jimla 154. Duka 276. A raba da 11, an samu 25, saura 1, kuma 1 ce a gurbi na tara. Yanzu a ce wani ya mayar da 3 ɗin da ke gurbi na 14 ta koma 8. Nauyin gurbin 5 ne, don haka jimla ta ƙaru da 25 ta zama 301, saura 4. Lambar ta ƙaryata kanta. Daɗin lissafin shi ne, da yake 11 ba ta rabuwa da komai, babu yadda za a canza lamba ɗaya tak a bar saura yadda yake. Duk mai koyon rubuta manhaja zai iya mayar da wannan ɗan shiri a layi goma, kuma ya fi yawancin atisayen da ake bayarwa amfani.

Wanda ba ya son lissafi ya buɗe vpic.nhtsa.dot.gov, shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka. Kyauta ne, zai faɗi ko gurbi na tara ya dace, ya kawo samfuri, shekara da girman inji. In ya ce silinda huɗu, aka buɗe bonet aka ga shida, sai a nemi rasit. Shafin NICB kuma yana da VINCheck, shi ma kyauta, yana nuna ko kamfanonin inshora na can sun rubuta motar a matsayin ta sata ko wadda ta lalace. A kula, motocin da aka yi don kasuwar Turai ba dole ne su bi lissafin gurbi na tara ba. Golf da yawa ma ZZZ ake gani a tsakiyar lambarsu, kuma lafiyarsu ƙalau. Haka bai kamata a yanke wa babur ɗin Indiya hukunci da shi ba. A kuma rubuta lambar da hannu. Google Lens yana karanta 8 a matsayin B, 5 a matsayin S, ya sa mutum zargin bawan Allah a banza.

Inda lissafi ba ya kaiwa

Ɓarawo mai wayo ba ya ƙirƙirar lamba, kwafo ta yake yi daga wata mota irin wannan mai lafiya. Irin wannan za ta wuce kowane shafi. Abin da ke kama ta shi ne mota tana faɗin sunanta a wurare da yawa, kuma da wuya a gyara duka. A gwada ta gilashi da ta ƙofa da ta ƙarfen bodi da ta takardar kwastam, harafi bayan harafi. Takardar ƙofa da ta tashi a gefe ko aka ga alamar an ɓamɓare an mayar, abin dubawa ce. Ƙyallen da ke ƙasan bel ɗin kujera yakan ɗauki shekarar da aka yi shi. Wannan ita ce dabarar ɗa da uwa ta masu Corvette.

Sai kwamfutar motar. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake sokawa a ramin OBD da ke ƙasan sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja irin Car Scanner ko Torque, motoci da yawa na bayan 2005 suna faɗin VIN ɗin da ke ƙwaƙwalwarsu. Idan ta saɓa da ta gilashi, ko an canza ƙwaƙwalwar, wanda makanikai kan yi, ko an canza ta gilashin. Mai mota na gaskiya zai san wanne ne.

A gida Najeriya, shafin nvis.frsc.gov.ng na hukumar kiyaye haɗurra yana nuna irin abin hawan da aka yi wa rajista da lambar da ke maƙale. Ana duba inshora a askniid.org ko ta danna *565*11#. Rundunar 'yan sanda kuma tana da rajistar ababen hawa ta CMR a intanet, inda ake shigar da rahoton sata. Gaskiyar magana, babura da yawa a ƙauyukan Kiru da Bebeji ba su taɓa ganin rajista ba, rasit ɗin dila kaɗai gare su. A irin wannan hali rasit ɗin ne za a gwada da ƙarfe, a kira lambar shagon da ke kansa, a kuma rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar inji da ta shasi, da shaidu, da hoton mai sayarwa tsaye kusa da babur. In a gaban mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwar babura aka yi, ya fi.

Wanda ya riga ya saya sannan ya ga alamar guga, kada ya kai wa mai walda ya "gyara", kada kuma ya yi sauri ya sayar wa wani. Bugun hatimi yana danne ƙarfen da ke ƙarƙashin harafi fiye da inda ido ke gani, shi ya sa masu binciken kimiyya na 'yan sanda ke iya shafa sinadari a wurin da aka goge tsohuwar lamba ta sake bayyana. Ya tattara rasit, hotunan da ya ɗauka da hirar WhatsApp ɗin da suka yi da mai sayarwa, ya sami wani babba ya raka shi ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumarsa, ya kai rahoto da ƙafarsa kafin a tare shi a hanya.